UWAR ƘWARI: RANAR FESHI

Shafi na 23

Masu cewa na bar su a tsaye, to ku nemi wurin zama.

"Turo teburin! Turo shi, ki daina kallona!"

Dokta Gobe ta jefar da jakarta ta kama gefen teburin ƙarfen, ita da Uwar Ƙwari suka ja shi ƙiiiii har ya tokare ƙofar. Kwalba ɗaya ta gangaro ta tarwatse a ƙasa. Babu wadda ta waiwaye ta.

Can ƙasan bene injin hayaƙin kashe ƙwari yake ta ruri kamar tsohon babur. Warin maganin har ya hawo matakala, yana kama maƙoshi.

Uwar Ƙwari ta tuɓe farar rigar aikinta, ta jiƙa ta a famfo, ta cusa a ƙarƙashin ƙofa.

"Kawo taki."

"Anti, sabuwa ce fa..."

"Digirin naki ma sabo ne, ko ƙamshinsa ba ki ji ba. Miƙo!"

Ta miƙo. Uwar Ƙwari ta cusa ta ita ma, ta kashe fankar da ke zuƙo iska daga baranda, ta ɗauko salatif ta shiga liƙe gefen ƙofa tana yanka da haƙori.

Ɗalibai ne suka raɗa mata sunan, ita kuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu. Ita ce ma'aikaciyar ɗakin gwaji mai kiwon ƙwarin da ake bincike a kansu. A bayanta kejin raga ne jere reras a ƙarƙashin fitilu, kowanne da dashen tumatir a ciki, bayan kowane ganye kuma farin ƙuda ne maƙil, ƙanana kamar an barbaɗa gari. Ba irin na kowace gona ba ne. A cikinsu akwai wata ƙwayar halitta da ake zaton tana hana su yaɗa cutar nan mai nannaɗe ganyen tumatir. Shekara da shekaru tana rainon zuriyar, uwa ta bar 'ya, 'ya ta bar jika, kuma babu inda aka ajiye madadinsu. In hayaƙin nan ya leƙo ɗakin, an gama.

Dokta Gobe, ɗalibar da digirinta na uku ke rataye a kan ƙudajen nan, wadda duk wanda ya tambaye ta yaushe za ta gama sai ta ce masa gobe, ta tsaya a tsakar ɗaki tana yarfa hannu.

"Ni dai ina son in ga fuskar mutumin da ya turo masu kashe ƙwari ginin da ake kiwon ƙwari. Ina son in ga kansa, in san ko irin namu ne."

"Ofishin gyare-gyare ne, wa kuma? An ce musu kyankyaso ya yi yawa a sito, sai suka ce a wanke gini duka. Jiƙo tawul ɗin can."

Bam! Bam! Bam!

"Wanda ke ciki ya fito! Feshi za mu yi!"

Muryar ta cikin takunkumi ta fito, amma sai da hannun Uwar Ƙwari ya tsaya cak a kan salatif ɗin. Ta miƙe a hankali ta leƙa ta ɗan gilashin da ke jikin ƙofar.

Mutumin ya janye takunkumin zuwa haɓa.

"Yaya?"

Babban wanta ne, shugaban masu feshin, da tanki a goye a bayansa.

"Auta? Me kike yi a nan?"

"A wurin aikina kake tambayata me nake yi?"

"Ba yau za ki kai Inna asibitin ido ba?"

"Zan kai ta. Biyowa na yi in ba dashe ruwa, sai na tarar da mutanenka suna ja wa inji igiya."

Ya share goshinsa da bayan safar hannu.

"To kin ba su ruwa, Allah Ya ba da lada. Fito."

"Ba na fitowa."

"Auta."

"Yaya."

"Gini duka aka ba ni."

"Ka yi gini duka, ka tsallake ƙofa ɗaya. Kuma ka sa a kashe injin can, hayaƙi ba ya sallama kafin ya shiga ɗaki."

"Ƙuda ne fa! Ƙuda! Ni da safe kafin in karya na kashe dubunsu."

"Naka ka kashe. Waɗannan nawa ne."

Ya yi dariyar takaici, ya nuna hannunta da ke dafe da gilashin.

"Dubi faratanki don Allah, ruwan hoda kamar na amarya. Mace da girmanki, kin rasa wanda za ki yi wa kwalliya sai ƙuda."

"Hodar aiki ce, sau nawa zan faɗa maka? Waɗanda na kiwata a kan ganye mai cuta nake barbaɗa wa, don in bambanta su da masu lafiya."

"Sannan ki bi su da bututu a baki kina tsotsa. Ƙudan da kika haɗiye, wallahi ƙadangare ma sai ya sara miki."

Dokta Gobe ta ƙyalƙyale da dariya duk da hawayen da ke idonta, ta yi maza ta toshe baki.

"Bari ka gani," in ji Uwar Ƙwari, ta zaro wayarta. "Farfesa zan kira. Shi ke da binciken, shi ke da ɗakin. Kalma ɗaya zai faɗa ka naɗe kayanka."

"Kar ki kira."

"Saboda me?"

"Ni dai na ce kar ki kira."

Ta riga ta danna.

Wayar ta shiga. Ta kara a kunne.

Sai ta ji ƙarar sau biyu. Ɗaya a kunnenta, ɗaya a baranda, dab da ƙofar.

Ta sauke wayar sannu a hankali.

Daga bayan ginshiƙi Farfesa ya fito, hannunsa a aljihu yana lalube ya kashe. Babu hula a kansa, abin da ba ta taɓa gani ba, idanunsa jajur kamar wanda barci ya yi wa yaji.

"Ranka ya daɗe... ashe kana nan?"

"Yanzu na iso, Malama."

"Alhamdulillahi. To yi masa magana."

Ya gyara murya.

"Kuskure aka yi, na gani. Kuskure ne daga ofishin gyare-gyare. Amma magani ya riga ya tashi a gini, lafiyarku ita ce gaba da komai. Ku buɗe ku fito."

"Mu fito su kuma fa?"

"Za a nemo wasu."

Dokta Gobe ta matso ta ɗora kai a kafaɗar Uwar Ƙwari tana leƙe.

"A ina, Yallaɓai? Kai da bakinka ka faɗa a taro cewa babu irinsu ko'ina."

"Ke, ba da ke nake ba."

Uwar Ƙwari ta ƙura masa ido. Sannan ta dubi yayanta. Yaya kuwa ya sami aikin yi, yana ta murɗa bakin sandar feshinsa da babu abin da ya same ta.

Ta san wannan murɗe-murɗen tun suna yara. Haka yake yi duk ranar da ya fasa wani abu a ɗakin Inna.

"Yaya, dube ni."

"Ina jin ki."

"Ban ce ka ji ni ba, cewa na yi ka dube ni. Wa ya matsa a kai Inna asibiti yau?"

Ya ci gaba da murɗa bakin sandar.

"Na ce maka a bari sai ƙarshen mako, ka ce a'a. Na ce matarka ta kai ta, ka ce Inna ta fi sakewa da ni. Har kiran asuba ka yi mini kana tuna mini. Kai da ko ranar haihuwar ɗanka ba ka tunawa."

"Auta, ba nan ne wurin wannan maganar ba."

Kamar jira ake, wayar ta hau ruri a hannunta. Ta duba, ta manna fuskar wayar a gilashin.

"Karanta. Inna ce. Tana can ta shirya tun ɗazu, tana zaune a kan kujera da jakarta a cinya. In ɗauka?"

"Haba Auta..."

"In ɗauka in buɗe murya, ka gaya mata da idonta ka yi dabara?"

"Kar ki ɗauka!"

"To faɗi."

Ya dubi Farfesa. Farfesa ya girgiza masa kai kaɗan, irin girgizar da mutum ke yi yana zaton ba a gani ba.

Wayar ta ci gaba da kuka.

"Ba kuskure ba ne," in ji Yaya.

"Malam, kai..."

"Yi haƙuri, ranka ya daɗe, ni dai ba na wasa da Inna." Ya juyo gare ta. "Shi ya zagaya da ni da kansa. Ko sito ba mu shiga ba. Ya kawo ni nan, ya ɗora yatsa a ƙofar nan, ya ce nan ne aikin, sauran ginin rufa ido ne. Ya ce in ninka magani. Ya ce a yi ranar da mai kula da ɗakin ba ta nan, don mace ce mai taurin kai."

"Ka san ɗakina ne?"

"Ga hoton ƙuda da rawani ɗalibai sun zana a ƙofa, an rubuta Fadar Uwar Ƙwari, ina zan kasa sani?"

"Ka sani. Ka kuma ce to."

"Ya ce ƙwarin sun zama haɗari, ke kuma ba za ki yarda ba. Na ce a raina gara in yi da hannuna ba ki nan, ki yi kukanki ki gama, da a kawo wani ya yi a gabanki."

Wayar ta yi shiru.

Ɗakin ya fara ɗaukar zafi tunda an kashe fanka. Gumi ya gangaro mata ta bayan kunne. Ba ta share ba.

"Sannu Yaya. Allah Ya saka da alheri. Ka tausaya mini."

"Da tankin nan na kai ki makaranta, Auta. Kar ki yi mini kallon baƙo."

"Na sani. Shi ya sa abin ya fi ciwo."

Ta mai da idonta kan Farfesa.

"Ranka ya daɗe, me suka yi maka?"

"Malama, ba ta gilashi zan yi miki bayani ba."

"Ta gilashin ka so in ga gawarsu ai. Watan jiya ka karɓe makullin gidan raga na bayan gini, ka ce gyara ake yi. Gwajinmu yana ciki, masu hoda duk suna ciki, ko leƙe ka hana ni. Na haɗiye. Na ce babba ne, ya san abin da yake yi. Yau kuma ka biyo uwayen har ɗaka?"

"Ɗakin nan nawa ne. Ƙwarin nan na jami'a ne. Ke ma'aikaciya ce."

"Haka ne."

"To ina umartarki ki buɗe."

"A'a."

"Me kika ce?"

"A'a na ce, ranka ya daɗe. Ko in rubuta?"

Ya matso har numfashinsa yana dusashe gilashin.

"Kin san daga nan sai ofishin shugaban sashe? Kin san kafin a tashi aiki zan iya sa a karɓe katinki?"

"A karɓa. A ciki za a same ni, a miƙo hannu ta taga."

Ya ga nan ba ƙofa. Sai ya sauya murya, ya yi ƙasa da ita.

"Ke. 'Yata."

Dokta Gobe ta zabura.

"Na'am Yallaɓai."

"Shekara nawa kina hannuna? Na taɓa cutar ki? Janye teburin nan. Ni zan san yadda zan yi ki gama, da ƙuda ko babu ƙuda. Amma in kika biye mata, ki sani sa hannuna kike jira, ba nata ba."

Dokta Gobe ta dubi teburin. Ta dubi kejin. Hannunta ya sauka a gefen ƙarfen.

Uwar Ƙwari ba ta hana ta ba. Ta ma matsa gefe.

"In za ki fita, fita, ƙanwata. Ba zan riƙe ki a zuciya ba. Ke kike da miji da ke tambaya, ke kike da uwa da ta gaji da jin gobe. Ki dai rufo mini ƙofar da sauri."

"Anti..."

"Na'am."

"In na gama ba ƙuda, me zan rubuta a ciki?"

"Shi za ki tambaya."

Dokta Gobe ta ɗago ta dubi Farfesa ta gilashin, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Yallaɓai me zan rubuta? Ƙarya?"

Farfesa ya kau da kai.

Ta cire hannunta daga teburin. Ta dafa, ta haye samansa, ta zauna daram ta naɗe ƙafafu.

"To na ƙara masa nauyi."

Yaya ya saki wata 'yar dariya ta hanci, ya yi maza ya mai da ita tari.

Fuskar Farfesa ta sauya. Ya ja da baya, ya ɗaga kai ya dubi ramin fankar da ke saman ƙofa, wanda ƙarfe kawai ya raba shi da cikin ɗakin.

"Malam, sandarka za ta kai can?"

Yaya ya bi yatsan da kallo.

"Za ta kai."

"Fesa ta nan. Kaɗan. In suka ji wari da ƙafarsu za su fito."

"Da mutane a ciki?"

"Na ce kaɗan!"

Yaya ya tsaya kamar an dasa shi. Sannan ya sa hannu ya kwance igiyar kafaɗar dama, ya kwance ta hagu, ya sauke tankin ya dire a ƙasa, ruwan ciki ya yi ƙululu.

Ya taka zuwa bakin matakala ya kwarara kira.

"Kai! Ku kashe injin nan! Ku buɗe tagogin ƙasa duka!"

Rurin ya yi tari sau biyu ya mutu. Shirun da ya biyo baya har kunne sai da ya yi ƙara.

"Me kake yi haka?" in ji Farfesa.

"Ranka ya daɗe, tun ina saurayi nake feshi. Na fesa wa kyankyaso, na fesa wa gara, na fesa wa kuɗin cizo a gidan manya da ba zan faɗi sunansu ba. Ban taɓa fesa wa mutum ba. Ba kuwa zan fara da wadda muka sha nono ɗaya ba."

"Nono ɗaya?"

"Au, ka zaci Yayan na ladabi ne? Uwa ɗaya uba ɗaya. Taurin kan da kake faɗa, a gida muka gada."

"To ka sani ka rasa aikin jami'ar nan."

"Na sani. Kyankyaso dai bai ƙare a duniya ba."

Abin da babu wanda ya zata shi ne Farfesa ya sunkuya da kansa. Ya fizgi sandar feshin, ya kama hannun famfon tankin ya shiga bugawa da ƙarfi, babbar rigarsa tana jan ƙasa.

"Innalillahi! Anti zai fesa!"

Yaya ya taka bututun da takalminsa ya danne.

"Sauka," in ji Uwar Ƙwari.

"Anti?"

"Sauka ki ja teburin. Ina fita ki mai da shi, ki sa sakata, ki mai da rigunan. Ko kukana kika ji kar ki buɗe."

Ta ɓalle salatif ɗin da hannu ɗaya. Ƙofar ta buɗu iya faɗin jikinta, ta zame ta fita, ta ja ta garam. Ta ji sakata ta faɗa a bayanta.

Ta jingina bayanta da ƙofar, daidai kan hoton ƙudan mai rawani. Ba takunkumi, ba farar riga. Ta ware hannuwa ta dafe bango hagu da dama.

"Yaya ɗaga ƙafarka."

"Ba ki da hankali ne?"

"Ɗaga. Ranka ya daɗe, ga ni. Ka ce kaɗan, to fara da ni. Ɗalibai suna ƙasa, za su ga da me na sauko."

Bakin sandar yana kallon ƙirjinta. Wani ɗigo ya taru a ƙarshensa, ya yi nauyi, ya faɗi a tsakaninsu.

Farfesa ya gyara riƙon sandar.

"Matsa, Malama."

"Ba inda za ni."

"Don Allah ki matsa."

"Yau kuma da don Allah? Gaya mini laifinsu. In ka gamsar da ni, ni zan ɗauki tankin da kaina. Ni na raine su, ba na buƙatar a turo mini ɗan uwana ta bayan gida."

"Ba ki san abin da nake tsare ki daga gare shi ba."

Ta yi dariya, dariyar da ba ta kai ido ba.

"Ikon Allah. Yau kowa tsare ni yake yi. Yaya ya tsare ni da ƙarya, kai ka tsare ni da guba. Ku bar ni haka nan, na gode."

Sandar ta yi ƙasa a hankali. Ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi ƙwal. Ya jingina da ginshiƙi ya rufe ido kamar wanda ya yi gudu.

Daga cikin ɗaki Dokta Gobe ta rangaɗa ihu.

"Anti suna nan! Suna tashi, wallahi ko ɗaya bai faɗi ba!"

Uwar Ƙwari ta sauke numfashin da ta daɗe tana riƙewa.

Yaya ya ɗauke sandar ya naɗe bututun yana ƙunƙuni.

"Na rasa aiki saboda ƙuda. In aka ji a unguwa na shiga uku."

"Za ka kai Inna asibiti ai, tunda ka sami hutu."

"Ke dai Allah Ya shirye ki."

A nan suka ji takun.

Ba takun ɗalibi ba ne, ba na masu feshi ba. Taku ne mai nauyi, na takalmin roba, yana hawowa matakala ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa, wani abu yana bugun ƙarfen dafawa, ƙwan, ƙwan, ƙwan.

Bokiti ne ya fara bayyana. Sannan mai shi.

Dattijuwa ce doguwa, busasshiya, laka har idon sawu, ta ɗaure ƙugu da tsohon gyale. Babu wanda ya taɓa ganinta a ginin. Ta tsaya tana mai da numfashi, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Salamu alaikum. Nan ne wajen masu ƙwari?"

"Wa alaikumus salam, Baba," in ji Yaya. "Ki koma ƙasa, an yi feshi, warin ba ya da kyau."

"Warin da na baro a gona ya fi wannan."

Ta dire bokitin a tsakiyarsu. Ta sa hannu ta zaro tumatir guda, da saiwarsa da ƙasarsa. Ganyen duk ya nannaɗe ya dunƙule kamar hannun jariri, gefensa ya yi ruwan ɗorawa, ko fure ɗaya babu.

Uwar Ƙwari ta matso ta duba. Ta san cutar nan fiye da yadda ta san fuskarta.

"Gonakinmu ne a bayan katangarku," in ji dattijuwar. "Nawa, da na maƙwabta, har bakin rafi. Haka suka koma, layi bayan layi."

"Sannu Baba," in ji Uwar Ƙwari. "Farin ƙuda ne ke kawo ta, yana ko'ina a..."

"Na san farin ƙuda, 'yar nan. Tare muka tsufa."

Ta sake sunkuyawa. Wannan karon kati ta fito da shi, irin mai ruwan ɗorawa mai danƙo da ake ratayawa a gona ƙwari su maƙale. Ta ɗaga shi saitin hasken taga.

Ƙudaje ne birjik a jiki, farare. A tsakaninsu, nan da can, har ba sa ƙirguwa, wasu sun yi ruwan hoda.

"Fari na sani. Mai kwalliya ne ban taɓa gani ba."



Uwar Ƙwari ta juya kai a hankali ta dubi Farfesa. Bai buɗe ido ba. Leɓɓansa kawai suka motsa, da muryar da ita kaɗai ta ji.

"Iska ce ta yage ragar. Na ɗinke kafin kowa ya gani. Na zaci ba su yi nisa ba. Na so in share ɗakin kafin a biyo sawunsu."

Dattijuwar ta mai da katin cikin bokiti ta kakkaɓe hannu.

"Mazanmu suna bakin ƙofar gini, da ƙyar na tsai da su. Na ce su bari in hawo in tambaya da baki tukuna. Tambaya ɗaya ce. Wa ke shafa wa ƙuda hoda a gidan nan?"

Yaya ya yi taku ɗaya ya sha gaban ƙanwarsa. Ta bayansa ya laluba ya kama hannunta yana tura shi ƙasa, yana son ta ɓoye faratan.

Ta fizge.

Ta fito daga bayansa, ta ƙara manna bayanta da ƙofar ɗakin, ta ɗaga hannun sama, yatsu biyar a ware.

"Ni ce."

Dattijuwar ta dubi faratan. Ta dubi ƙofar da ke bayanta, da ƙudan mai rawani. Ta gyaɗa kai.

Sannan ta juya ta leƙa matakala.

"Ku hawo. Ga ta, ga kuma ɗakin."